Dokin da Ba Ya Cin Harawa

Kafin a bar ni in shiga jirgin sai da aka ɗora ni a kan sikeli kamar ragon layya. Kilo 86. Aka ɗora jakata, kilo 11. Da aka zo kan buhun shinkafa mai kilo 25 da na saya wa gidan kawuna tsaraba, matuƙin ya dubi buhun, ya dubi takardar da ke hannunsa, ya girgiza kai.

"Malam, ko kai ko shinkafar. Zaɓi ɗaya."

Na ɗauka wasa yake yi, don abokina ne tun muna makaranta, kuma shi ya ce in zo, akwai kujera guda da babu kowa daga Yamai zuwa Maraɗi. Ashe da gaske yake. Jirgin Cessna 172 ne, mai kujera huɗu da farfela ɗaya a hanci, na wata ƙungiya da yake yi wa aiki. Duk abin da jirgin zai iya ɗauka, mutane da kaya da mai, bai wuce kilo 400 ba. Tankunan da ke cikin fikafikansa suna cin lita 200, nauyinsu kusan kilo 145. Abin da ya rage shi za mu raba mu uku: shi, da ni, da wani injiniyan ruwa da akwatin na'urorinsa. Kujera ta huɗu ado ce kawai muddin tanki a cike yake. Haka na bar wa mai gadin rumfar jirgin shinkafata, yana ta shi mini albarka, ni kuwa ina ta haɗiyar takaici.

Watan Maris ne, a shekarun baya kaɗan. Ƙarfe shida da rabi na safe abokina ya fara zagaya jirgin, kuma wannan zagayen ya fi tafiyar kanta tsaya mini a rai. Ya ɗauko wani ɗan kofi mai haske, ya tsiyayo mai daga ƙarƙashin kowane fiffike, ya ɗaga shi sama yana dubawa. Man shuɗi ne garau kamar an zuba masa bula. Ya ce in da ruwa a ciki zai kwanta a ƙasan kofin, in kuwa launin ya sauya to wani ya zuba abin da ba shi ba. Ya hau kan ƙarfen fiffike ya buɗe murfin tanki ya zura sanda ya auna, bai yarda da agogon mai ba. Sannan ya zare wata 'yar riga mai jan ƙyalle daga kan wani siririn bututu da ke ƙarƙashin fiffiken hagu, ya leƙa ramin da ido ɗaya. Bututun nan shi ke gaya wa matuƙi saurin da yake yi, kuma babban maƙiyinsa zanzaro ne, wanda kwana biyu sun ishe shi ya gina ɗakinsa na laka a ciki. Na yi dariya. Ya ce in daina, don a 1996 wani Boeing 757 ya faɗa teku jim kaɗan da tashinsa daga Jamhuriyar Dominika, mutum 189 suka rasu, kuma abin da masu bincike suka fi zargi shi ne ginin zanzaro a irin wannan bututu.

Muka tashi bakwai da 'yan mintoci. Kogin Kwara ya kwanta a bayanmu, muka doshi gabas rana tana dukan idanunmu. A kan taswira Yamai da Maraɗi suna kan layi guda, kilomita 540 tsakaninsu in an miƙe sak, yayin da gudron ke cin kusan 660. Sai dai miƙewa sak ba ta yiwuwa haka kawai. Daga gabashin Dogon Dutsi ƙasar Sakkwato ta kutso arewa, ta yi tozo har gab da Birnin Ƙonni, kuma duk wanda ya bi layin nan zai ratsa sararin samaniyar Najeriya ta kan su Sabon Birni. Wannan kuwa sai da izini da takarda. Don haka mu ma muka yi kwanar da titi ke yi, muka bi ta arewacin Ƙonni, ta Galmi da Madawa. Ina leƙen ƙasa ina tunanin Gobirawan Tsibiri da na Sabon Birni, gida ɗaya, jar ƙasa ɗaya, rufin ɗaki iri ɗaya. Babu ko zare a ƙasa da ke nuna iyaka, amma na'urar da ke gaban abokina ta zana ta da layi mai kauri, shi kuma yana kaffa-kaffa da ita kamar mai tsallake wuta.

Muna ƙafa 5,500 sama, kusan mita 1,700, muna gudun kilomita 200 da 'yan kai a awa, iskar gabas tana rage mana. A Galmi na hango gonakin albasa kore shar, da asibitin mishan na SIM da aka buɗe a 1950, da ɗan titin jirginsa a gefe. Shi ne irin wurin da ƙaramin jirgi ke da hujjar zama: likitan fiɗa da ake jira yau, ko maganin da ba ya son zafin hanya.

Daga Gidan Rumji zuwa gaba na daina kallon komai sai itatuwa. Rani ne, gonaki sun yi fari fat, amma ko'ina ɗigo-ɗigon kore ne kamar an yayyafa. Gawo ne mafi yawa, itacen da ke kakkaɓe ganyensa da damina ya bar gero ya sha rana, ya fito da sabon ganye lokacin da kowa ya bushe. Na taso ina jin ana cewa sassaben zamani, wato manomi ya bar toho ya tashi daga tsohon kututture, ya zaɓi rassa biyu ko uku ya sassabe sauran. A nan ƙasar Maraɗi aka fara yaɗa shi a farkon shekarun 1980, da hannun wani ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo, kuma ƙauyuka irin su Ɗan Saga ta ƙasar Agye suka yi suna a kansa. Amma girman abin bai fito wa duniya ba sai da masana suka jera tsoffin hotunan da aka ɗauka daga jirgi kusa da sababbi, suka ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200 a kudancin Nijar. Wanda ke kan amalanke itacen gonarsa da na maƙwabci kawai yake gani. Ranar nan na ga sauran.

Zuwa goma saura zafi ya fara tasowa daga ƙasa, jirgin ya shiga tsalle kamar mota a kan hanyar burji. Injiniya ya nemi leda. Muka sauka Maraɗi bayan awa uku ba kaɗan. Abokina ya ɗaure jirgin da igiya uku, ya mayar wa bututun rigarsa, ya toshe hancin injin da soso, ya tafi ofis biyan kuɗin sauka da na kwana. Ni kuma na nemi mota zuwa cikin gari, daga nan wata motar, daga nan kabu-kabu cikin rairayi har ƙauyenmu a karkarar Sae Sabuwa. Wannan ɗan guntun ya ci mini fiye da rabin lokacin da na yi a sama, da jiran mota ta cika da faci guda.

Labari ya riga ni isa. Kawuna ɗan kasuwar aya da wake ne, yana saye a kasuwannin Cadawa da Gazawa yana kaiwa Maraɗi, mutum ne da ba ya ganin abu bai tambayi kuɗinsa ba. Bayan la'asar, ana shan fura a ƙofar gida, ya gyara zama.

"Ɗana, abin nan da ka hawo, nawa ake sayar da shi?"

"Kawu, sabo ya haura dala 400,000."

Ya yi shiru yana lissafi, sai na ga fuskarsa ta washe. A wurinmu dala ai sefa biyar ce, don haka shi miliyan biyu ya ji, kuɗin da bai kai na tsohuwar a-kori-kura ba. Da na ce dalar Amurka nake nufi, wato kusan miliyan 250, ya ajiye ludayi. Na ce akwai na hannu. Tun 1956 ake ƙera wannan samfuri, an yi fiye da 44,000, babu jirgin da ya kai shi yawa a duniya, kuma na shekarun 1970 suna nan suna tashi. A kasuwar Amurka ana samun irinsu daga dalar can 60,000 zuwa sama da 100,000, kafin kuɗin kawowa da na duwan da na rajista, don sai hukumar ANAC ta duba shi ta ba shi lambar da ke farawa da 5U kafin ya zama ɗan Nijar. Kawu ya ce to wannan ai bai fi tirela guda ba, kuma ya san Alhazai a Maraɗi masu tirela ashirin. Me ya hana su?

Tambayar ta yi ma'ana, kuma amsarta ce ta cinye mana yammacin. Na ce masa ya tuna dokin kakanmu. Sayensa sau ɗaya aka yi, amma dawa da harawa da kanwa da yaron barga kullum ne, ko an hau ko ba a hau ba. Jirgi ma haka, sai dai shi abincinsa ba ya tsirowa a ƙasar nan.

Man da na gani a kofi sunansa afgas, 100LL, fetur ne na musamman mai sinadarin darma. Matatar SORAZ ta Damagaram, da aka buɗe a 2011, tana fitar da esansi da gazuwal da gas na girki, ba ta yin wannan. Daga waje ake kawo shi cikin duro mai lita 200, wato duro guda cikin tanki guda. A Turai ma, inda yake a famfo, lita tana kai yuro biyu da rabi zuwa uku, balle wanda ya sha teku ya sha hanya. Jirgin yana shan wajen lita 35 a awa, don haka zuwanmu kaɗai ya lashe rabin duro, kuma dole ka san inda za ka samu na komawa tun kafin ka tashi. Kawu ya ce ga 'yan ruwa-ruwa nan birjik a bakin titi, kwalba-kwalba. Na ce akwai ƙananan injuna irin Rotax da aka yi su don man mota, amma mai tsabta wanda aka san asalinsa. Babur in ya sha gurɓataccen mai tari zai yi ka sauka ka tura. Wannan wahalar ta afgas ce ta sa masu aiki da jirage a yankinmu suke komawa ga injunan da ke shan kananzir ɗin manyan jirage, Jet A-1, wanda ake samu a manyan filaye. Kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya ma ta sayo jiragen Diamond masu irin wannan inji.

Sai gyara. Kowace awa 50 a juye baƙin mai. Kowace shekara a buɗe jirgin a duba shi ciki da bai, in kuma na haya ne, kowace awa 100. Silinda huɗu ne amma fulogi takwas, biyu-biyu, don in layi ɗaya ya mutu ɗayan ya riƙe. Ƙurar ƙasarmu kuwa tana cin matatar iska kamar gara. Kamfanin Lycoming mai yin injin ya ce bayan awa 2,000, ko shekara 12, duk wanda ya riga zuwa, a sauke shi a sabunta, aikin da ke cin dalar Amurka 30,000 ko fiye. Na raba wa Kawu a wayata: kowace awa da farfela ta juya, ka jefa kamar jikka tara a asusu don ranar nan, tun ba a yi maganar mai ba. Shekara 12 ɗin ce ta fi ba shi mamaki. Na ce injin da aka ajiye tsatsa yake yi daga ciki, zama ya fi tafiya kashe shi.

"To in wani ƙarfe ya karye, ba sai a kai wa maƙera ba? Akwai yaro a Maraɗi, babu abin da ba ya ƙerawa."

Na san irin yaran da yake nufi, kuma na yarda da hannunsu. Amma ko kusa ɗaya ba ta shiga jikin jirgi sai da takardar da ke nuna inda aka yi ta, kuma sai makaniki mai lasisi ya sa hannu a kundin jirgin. Kundin nan shi ne rabin darajarsa, jirgin da kundinsa ya ɓata ya zama kamar gonar da babu shaida. Ƙaramin abu in ya lalace, odarsa za a yi daga Turai ko Amurka, jirgi ya yi makonni a rumfa yana jira, inshora tana tafiya, kuɗin rumfa yana tafiya. A nan lissafin yake karyewa. Waɗannan kuɗaɗen na shekara ba su san ko ka tashi ba. Ƙungiyar da ke tashi awa 300 a shekara tana raba su gida 300. Alhajin da zai tashi awa 50, zuwa ɗaurin aure da ta'aziyya, kowace awa tasa tana ɗauke da ninki shida na wannan nauyi. Alhazan Maraɗi, waɗanda Bafaranshe Emmanuel Grégoire ya rubuta littafi sukutum a kansu a 1986, ba su yi arziki da sayen abin da ke ci yana kwance ba. Tirela in ta tsaya asara ce, amma aƙalla wanda zai tashe ta yana bayan tasha.

Kawu bai saduda ba. Ya nuna gabas da haɓarsa, ya ce fili dai muna da shi, jirgin ya sauka nan bayan gari.

A takarda, 172 cike da kaya yana bukatar kamar mita 500 kafin ya tashi ya haye itace mai tsawon mita 15. Amma wannan lissafin bakin teku ne, a kan kwalta, cikin sanyin digiri 15. Maraɗi tana kusan mita 370 sama da teku, kuma ranar da zafi ya kai digiri 42 iska takan yi sirara har inji da fiffike su ji kamar suna kan dutse mai tsawon mita 1,400. Ƙarfi ya ragu, gudun da ake bukata ya ƙaru. Ƙara da jigawarmu, wadda ke riƙe tayar babur balle ta jirgi. Sai an share kusan kilomita guda, an zuba jar ƙasa an daddaɓe, an kewaye saboda awaki da jakuna, an nemi amincewar hukuma, kuma bayan kowace damina a sake gyara. Mita 1,000 a tsaye, 30 a kwance, hekta uku ke nan, gonar gida guda da iyalinta. Kuma duk gawon da ke ciki da na bakin hanyar sauka sai an sare.

Nan ne Kawu ya ce a'a. Miliyoyin ba su sa ya ce a'a ba, yana jin su ne kamar labarin wata ƙasa. Gawo kuwa ya san shekarun da ya yi yana rainon kowanne, ya san buhun 'ya'yansa nawa tumakinsa ke ci da rani, ya kuma san abin da jami'an gandun daji ke yi wa wanda ya sare shi.

Saura matuƙi, wanda ban ma kai ga gaya masa ba sai da dare. Ƙa'idar duniya ita ce aƙalla awa 40 a sama kafin a ba mutum lasisin tuƙa jirgin kansa, ga jarrabawar yanayi da taswira da dokoki da maganar rediyo, ga likita da zai riƙa duba ido da zuciya lokaci-lokaci. Makarantar EAMAC da ke Yamai, ta hukumar ASECNA, masu kula da zirga-zirgar sama da masana yanayi da masu gyaran na'urori take horarwa. Mai son tuƙi yakan nufi waje, kuma mafi kusa da mu ita ce ta Zariya, wadda aka kafa a 1964. Abin dariya, Kano tana kamar kilomita 225 daga Maraɗi ta sama, tafiyar awa guda da 'yan mintoci, kuma tun ran 1 ga Nuwamba 1925 jiragen sojan Ingila uku suka sauka can daga Masar. Amma yau kafin ɗan ƙaramin jirgi ya yi wannan awa guda, sai an nemi izinin sauka, an bi ta filin da ke da duwan da 'yan sandan iyaka a kowane ɓangare. Mai motar Jibiya zai iya kaiwa ya komo takarda ba ta fito ba. Sama kuma ba ta mai jirgi ba ce: a watan Agustan 2023 hukumomin soja suka rufe sararin samaniyar Nijar kusan wata guda, mai jirgi da marar jirgi duk suka zama ɗaya.

Ranar Alhamis za mu koma. Daren Laraba iska ta juyo daga arewa maso gabas, da asuba muka tashi cikin hazo. Rana ta fito fara kamar faranti, ana kallonta ido da ido. Daga ƙofar gidan Kawu ba a ganin rijiyar bayan gari. Na kira abokina.

"Malam, yau babu tashi. Ina tsaye a titin jirgi, ba na ganin ƙarshensa."

Irin tafiyar da yake yi da ido ake yinta, doka tana son ya hangi aƙalla kilomita biyar, kuma da rana kaɗai. Na ce ba ya ɗan gwadawa, ƙila sama ta fi haske? Ya ce tashi ba wuya, sauka ce sai an ga ƙasa. Ban sake matsa masa ba. Duk ɗan Nijar da ya kai shekaruna ya san filin jirgin Agadas sunan Mano Dayak yake ɗauke da shi, wanda ƙaramin jirgi ya faɗi da shi a ƙasar Abzin ran 15 ga Disamba 1995. Na fahimci cewa abu mafi tsada a wannan sana'a shi ne mutumin da zai iya cewa ba ya tashi, alhali mai jirgi yana tsaye a kansa da agogo a hannu.

Juma'a hazo ya ƙaru. Ina da aiki Litinin a Yamai. Kawu ya raka ni bakin hanya yana dariya ƙasa-ƙasa, ya ce sauri ya haifi nawa, ya ɗora mini rabin buhun aya a bayan babur. Asabar da asuba na shiga bas a Maraɗi, kuɗin kujerar bai kai abin da injin jirgin nan ke ci a awa guda ba, in aka haɗa mai da asusun gyara. Muka bi Tsibiri, Gidan Rumji, Madawa, direba ya kunna fitila da rana tsaka yana ratsa ƙurar. A Galmi muka ɗan tsaya. Na leƙa wajen da na hango titin jirgi ranar zuwanmu, ban ga komai ba sai fari. Na sayi buhun albasa, yaron mota ya cusa shi ƙarƙashin bas kusa da ayata, ya karɓi ɗari biyar, bai tambayi nauyinsa ba.

Mun wuce Doso bayan la'asar saƙon abokina ya shigo. Yana nan Maraɗi, ya sake biyan kuɗin kwana, ya je ya duba igiyoyi, ya kuma kori wani zanzaro da ke shawagi a gindin fiffiken hagu.